Akuyar da Ta Mutu a Wayar Kaka

"Ya ƙarfin jiki, amaryata?"

"Da sauƙi kafin ka shigo. Yanzu kam ya dawo sabo."

Kaka na kishingiɗe a kujerar bakin taga, hannunta na dama a kan matashi kamar ajiyar wani aka ba ta. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa ta, yatsun hannun suka daina jin magana. Likitar motsa gaɓoɓi ta ce a riƙa sa ta taɓe-taɓen gem a babbar waya kullum, in ba haka ba yatsun su sandare, cokali ma sai dai a riƙa ɗaga mata. Aka saka mata gem ɗin gona, ta riƙa yi da daɗin rai. Rannan kawai ta kife wayar ta ce ta gama. Da mutanen gida suka gaji da lallashi, sai aka kira jikanta mai gyaran firji, don shi kaɗai ke tsokanarta ta rama ba a tara jama'a ba.

"An ce kin yi yaji da waya," in ji shi.

"Ba yaji ba ne, zaman makoki nake."

"Wa ya mutu? Ga mijinki nan tsaye da ransa."

"Da kai ne ai da na sa sabon zane. Akuyata ce."

"Wace akuya? Ke da ko kyanwa ba ki ajiye ba?"

"Ta cikin gem ɗin mana, tuzuru kawai! Caja ta lalace, aka kwana biyu ban kunna ba. Ina kunnawa na tarar da ita kwance, yunwa ta kashe ta. Ka ga idonta kuwa? Har da gashin ido. In tana tauna, jijiyar wuyanta kake gani tana motsi. A zana dabba haka, sannan a bari ta mutu a hannuna? Sai Allah ya tambaye ni."

"A kan hoto?"

"Hoton da ke kallona."

Ya so ya yi dariya, ya ga da gaske take, ya mayar da ita tari. Ya zauna a hannun kujera, ya buɗe manhajar ƙirƙirarriyar basira a wayarsa, irin wadda kake kwatanta mata abu ta nemo maka.

"Faɗi irin zanen da kike so, yanzu za a lalubo miki wani gem ɗin."

"Bokan naka za ka tambaya?"

"Shi fa. Bokan da ba ya cewa a kawo baƙar kaza."

"To ka ce masa ba na son abu mai ido."

Ya rubuta. Manhajar ta jero masa wasanni, ya nuna mata na farko: tubala ne masu launi suna faɗowa, ana jera su.

"Bulo? Da hannu ɗaya zan fara leburanci? Ka kai wa ubanka, shi ke gini."

"Ga na tseren mota. Dubi sheƙi, kamar gaske."

"Kawar min, jiri yake sa ni. Kuma direban irin tuƙinka yake, ga shi nan ya daki bango."

"To ga lambun furanni. Zanen ruwa ne, launi a sanyaye, daidai idon tsofaffi irinku."

"Tsohuwa tana gidanku."

"Ai a gidan namu nake."

Ta harare shi, ta dubi furannin, ta taɓe baki.

"Fure ya san na shigo? Akuyata tana ganina take tahowa da gudu tana kuka. Kai kuwa, mijin banza, sai an yi ta kiranka a waya kafin a ga ƙeyarka."

Maganar ta shige shi, don gaskiya ce. Ya goge abin da ya rubuta, ya sake wani: dabbar da ke buƙatar kulawa, wadda ba ta mutuwa, kuma zanen kada ya yi kama da gaske. Manhajar ta tambaya ko katun ake so, ko irin tsohon zanen gem, mai ƙananan murabba'ai. Ya zaɓi na biyun, ya sauke shi a babbar wayar, ya ɗora mata a cinya.

Wata halitta ce fara ta bayyana a kan koren fili. Kai kusurwa huɗu, ido ɗigo biyu, ƙafafu kamar ashana.

"Wannan akuya ce ko akwati?"

"Akuya ce ta masu ilimi."

"Tsaya. Matso da fuskarka nan." Ta dube shi, ta dubi wayar. "Wallahi kai ne! Ga faffaɗan goshin, ga idon nan na marar kunya. Bokan hotonka ya gani?"

"Kyau ne ya yi mata yawa, shi ya sa kika ruɗe."

"In na bar ta ba ci fa?"

"Sai ta zauna ta kumbura baki har ki dawo. Ba ta mutuwa."

"Kai ɗin ne sak."

Akuyar ta saki wani siririn kuka, hoton ciyawa ya fito a saman kanta. Kaka ta miƙa hannun hagu. Ya cafke shi.

"Da na dama."

"Hannuna na dama ba ya ciyar da munana."

"To ta wuni da yunwa. Ni dai ba zan taɓa ba, kishi nake."

"Mugu ɗan mugu."

"Jikan wa?"

Akuyar ta sake kuka. Kaka ta ja tsaki, ta zuba wa hannun dama ido. A hankali hannun ya bar matashin. Ɗan yatsa ya sauka a kan ciyawar, ya ja ta, ta kuɓuce. Kaka ta sake gwadawa, ta cije leɓe, har ta kai ta bakin akuyar. Akwatin nan ya hau tsalle.

"Kin gani? Rawa ma ta fi ki iyawa. Ni na canja amarya."

Hannun bai koma kan matashi ba. Sama ya yi, ya laluba gefen fuskar jikan, yatsu biyu suka damƙi kunnensa suka murɗe.

"Wayyo! Tsohuwar nan za ki cire..."

Ya tsaya cak, kai a karkace, yana jin ƙarfin yatsun.

"Kaka," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ƙara murɗawa."

Ta dubi hannun nata a jikin kunnen. Dariya ta ƙwace mata, har da ɗan hawaye.

"Ka ci, ɗan nema. Bar min mummunar, na karɓa. Kunnen kuma sai na gaji."