Ragon Lalla Mbarka Yana Jiran Majalisa

Jiya da safe na hau saman benenmu in ɗauko rigar da Najiba, uwar 'ya'yana, ta shanya mini, don in je layin mai da ɗan mutuncina. Rigar tana nan a kan igiya, amma hannun dama ya tafi. Ragon Lalla Mbarka na tsaye a jikin tankin ruwa yana tuƙa, zaren rigar na reto a bakinsa, yana yi mini irin kallon da ma'aikacin gwamnati ke yi wa wanda ya zo ana gab da tashi. Haka na tafi gidan mai da rigar sanyi a cikin wannan zafi, na sha tsayuwa har azahar, sannan aka ce mu watse, man ya ƙare, an kai wa sojoji.

Lalla Mbarka ita ce tsohuwar da ke hawa na ƙarshe a gidanmu. Mijinta ya rasu, ɗa guda gare ta, Lutfi, mai gyaran firiji. Ranar da aka kwashe shi da sauran samari aikin soja zuwa bayan duwatsun kudu ta sayo ɗan rago, ta yi bakance cewa ranar da Lutfi ya sa ƙafa a gidan nan za ta yanka, unguwa duka ta ci kuskus. Ba wanda ya ga aibun haka, don kowa a garin nan yana ajiye ragonsa a saman bene in layya ta gabato. Ga shi kuma Mai Babbar Kujera, Allah ya ƙara masa hasken goshi, ya fito a talabijin ya ce wannan ba yaƙi ba ne, ɗan gyaran iyaka ne, yara za su dawo kafin a girbe zaitun. An girbe zaitun sau uku. Ɗan rago ya zama ƙato, ya ga 'yan'uwansa sun hawo da ƙafafunsu sun sauka a cikin tukwane, shi ko a jikinsa.

To yanzu Mai Babbar Kujera ya ce asusun gyaran iyaka ya bushe, a ƙaro. Masu Girma Wakilanmu, waɗanda suka yi tafi a tsaye ranar da aka fara har hannuwansu suka yi ja, sun hango zaɓe na tafe, sai suka tuna ashe tun asali ba sa son yaƙin. Suka ce ko dinari ɗaya ba za su saki ba sai an faɗi ranar dawo da yara. Ya ce ba a faɗin rana, don abokan gaba ma suna da rediyo, kuma ai kuɗin man motocin da za su kwaso yaran yana cikin abin da suka ƙi sa wa hannu. Suka ce a ciro kuɗin man daban. Ya ce kasafi ba lemo ba ne da za a ɓare a raba. Suka fusata suka fice daga zauren majalisa, kuma don a san da gaske suke, ba su tsaya ko'ina ba sai wani otal na bakin teku, inda suke nazarin lamarin a kan gasasshen kifi. Ni dai na jinjina musu, ba kowa ke iya yin fushi da cikakken ciki ba.

Da na so in ci gaba da zaginsu a raina, amma abin da muka yi a gidanmu ya ɗaure mini harshe. Kun san mu ba ma zubar da burodi a shara. Ko guntu ne ya faɗi ƙasa, ɗauka ake yi a sumbata a ɗora a kan katanga. Tun zuwan ragon nan, duk busasshen burodin gidanmu a leda ake ratayewa a ƙofa, tsohuwa ta bi ta tattara ta kai masa. Sai makon jiya Si Tayyib na hawan ƙasa, tsohon akawu mai son a kira taro, ya tara mu a gindin matakala. Ya ce ragon ya cinye wayar tauraron ɗan'adam, ya tunkuyi mai karanta mita, warinsa kuma yana shigowa har ɗakin baƙi. Shawararsa ita ce kada a ƙara ba da ko ɓawon burodi sai Lalla Mbarka ta faɗi ranar da rago zai sauka.

"Si Tayyib, ranar ba a hannuna take ba," in ji ta. "Tana wajen Allah, sai kuma waɗancan na cikin talabijin."

"To mu ma burodin ba a hannunmu yake ba daga yau," ya ce, yana gyara tabarau kamar ya kama ɓarawo.

Aka ɗaga hannu, har da nawa. Abin da ba mu lissafa ba shi ne inda za mu kai burodin. Shara dai haram ce a wurinmu, kuma ba wani rago a unguwar. Ledoji suka taru a matakala, ɓeraye suka ji labari suka zo da iyalansu. Shi kuwa gogan da yunwa ta kama shi, sai ya koma kan shanya. Ya fara da zanin gadon Si Tayyib, wanda na ɗauka adalci ne, sannan ya zo kan rigata, wanda na ɗauka zalunci ne.

Ana cikin haka Lutfi ya samu ya bugo waya. Najiba tana wajen, ita ta kawo mini labarin. Ya ce lafiyarsa lau, kada uwarsa ta damu, sai dai tun da manya suka fara ja-in-ja an rage musu abinci, busasshen burodi suke jiƙawa da shayi. Ya tambayi ragonsa, tsohuwar ta ce masa yana nan ya ƙoshi. Najiba ta ce muryarta ko rawa ba ta yi ba sai da ta ajiye wayar.

Hammadi mahauci ya kawo dabara, kuma ni na ga hankali a cikinta: a yanka ragon yanzu, a shanya naman da gishiri da barkono, a aika wa yaron, kowa ya huta. Liman ma ya ce in Lalla Mbarka ta ga dama ta yanka, ta sake wani in Lutfi ya dawo. Ta saurare su tsaf, ta ce in ta yanka shi yau, me za ta hau ta duba gobe da safe?

Da na dawo daga layin mai jiya, na ɗauki rigata mai hannu ɗaya na hau in yi ƙorafi, na shirya maganganu masu nauyi tun daga hawa na biyu. Na same ta zaune a kan bokiti, tana gutsura wa ragon sabon burodin da ta saya don kanta. Ta ga rigar, ta ce in bar mata za ta ɗinke. Sannan ta kama haɓar ragon ta buɗe bakinsa ta nuna mini haƙoran, sun fara cinyewa.

"Si Munsif, ɗana, kai da kake rubutu a jarida ka san abubuwa," ta ce. "Rago shekara nawa yake yi a duniya?"

Wallahi tausayi ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Na ce zan tambayo mata. Na sauka na kwashi ledojin burodin da ke matakala, har da na ƙofar Si Tayyib, na kai sama. Ya leƙo ya ce wannan karya dokar taro ne, na ce ya kai ni ƙara otal ɗin bakin teku. Daga nan na wuce wajen Hammadi, ya ce rago in ya samu kulawa yakan kai shekara goma.

Saboda haka, ya Mai Babbar Kujera, ya Masu Girma Wakilanmu, kada ku ƙware da kifi saboda gaggawa, mahauci ya ba ku sauran shekara bakwai. Sauran shekarun tsohuwar ne ban tambaye shi ba, don ba fanninsa ba ne.