Jinin Kawu Sule

Laifina ne, na amsa. Ina shirin jarrabawar gane ƙwayoyin jini, sai na ɗebi jinin Kawu Sule da na kazar da muka yanka a unguwarmu Nima, don gwaji. Ban sa wa gilasan da na shafa wa jinin alama ba, wai ni gwani.

A makaranta na ɗora gilashi ɗaya, na leƙa madubin ƙara girman abu, na ga ƙwayoyin sun kumbura, kowace da ɗigo a ciki. Na dawo na ce, "Kawu, sai addu'a."

Kwana uku yana neman gafarar mutane, har ya gaya wa matarsa bai taɓa son tuwonta ba.

Malamarmu ta duba gilashin, ta ce, "Majinyacin nan naka, yana yin ƙwai?"

Kawu yana nan garau, amma a bakin titi yake cin abinci. In na wuce sai ya ɗaga cokali: "Dokta, yau kuma wace kaza ce ba lafiya?"