Ciwon Bayan Bassu

"Ni kaɗai ne mai ƙwaƙwalwa a kwarin nan," in ji Bassu, "sauran duk rawani ne a kan kabewa!"

Abokina, ka san abin da ya kumbura shi? Wani kamfanin sabulu ne ya turo ma'aikaciyarsa, Lalla Nazha, ƙauyenmu na duwatsun Atlas da dashen zaitun. Ta ce a dasa, a bar ciyawa ta rufe ƙasa, kada garma ta taɓa gonar. Wanda dashensa ya rayu, za a kafa masa famfo mai aiki da hasken rana. Bassu ta fara tararwa a bakin hanya, shi kuwa gogan naka ya rantse mata zai sanar da kowa. Ya kwashe dashen, ya dasa a gonarsa ta bayan tudu, ya ja bakinsa ya tsuke. Famfo ai na mutum ɗaya ne!

Lokacin huɗar sha'ir ya zo, kowa ya fita da alfadarinsa, gonar Bassu kuwa ciyawa har gwiwa. A wurinmu wannan abin kunya ne babba. Surukinsa Dda Muha ya tare shi.

"Kai ɗana, gona ce wannan ko makiyaya?"

"Wayyo Dda, bayana! Ko sunkuyawa ba na iyawa."

Ƙarya ta zama aiki. Sarkin wayo ya koma dogara sanda yana nishi. Gwaggonsa ta zo ta yi masa ƙaho, ta murje shi da man da ke warin tsohon bunsuru. Ya ci wuya, ya daure, yana ce wa matarsa Ittu, "Bar su, ranar da ruwa ya fara tsartuwa za su san waye Bassu."

"To, Allah ya kai mu," in ji ta, tana tankaɗe.

Ranar duba gona, Bassu ya yi sammako zuwa bakin titi ya tarbi Lalla Nazha, ya shige gaban mota ya hakimce.

"Lalla, gonata ko kaza ba ta tona ba. Ki shirya famfo kawai."

Suna hawa tudu suka ji waƙa. Bassu ya leƙa. Gayya! Dda Muha ya tara dangi kaf, kamar yadda ake yi wa duk wanda ciwo ya kayar, alfadarai sun jeru, gona ta yi jawur, an huɗe ta tas har gefen dutse. Akuyoyi na can suna wasoson ɗanyen ganyen zaitun.

Lalla Nazha ta riƙe baki. "Ina dashen?"

"Waɗancan 'yan tsinken?" in ji Dda Muha yana share gumi. "Sun yi ta sarƙe mana garma, 'yata, amma mun gama da su."

"Dda," in ji Bassu, "wa ya aike ku?"

"Wa zai aike mu? Kai namu ne! Ittu ma ta sa an yanka ragonka, kuskus na kan wuta, ka san 'yan gayya ba sa aiki da yunwa."

Lalla Nazha ta juya mota, famfo ya bi ta. Bassu ya zube a kan huɗa ya fashe da kuka, na gaske wannan karon.

Tsohon ya dafa kafaɗarsa, shi ma idonsa ya ciko.

"Ku dubi yaron kirki, godiya har da hawaye! Share idonka, ɗana. Mun riga mun yi fatiha a kai: duk shekara muna nan tafe, har sai bayan nan ya warke."