Malam Inganci da Injinsa Marar Jaka

Allah ya ba wasu kyau, ya ba wasu dukiya, amma mutumin da ke zaune a hawa na uku na wani bene sai ya ba shi abin da ya fi waɗannan duka: sanin kaya. Ko cokali ka miƙa masa sai ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da farce, ya kai kunne, sannan ya gaya maka inda aka ƙera shi da yadda aka cuce ka wajen saye. Kalmar inganci ba ta barin bakinsa, shi ya sa mutanen benen suka sa masa Malam Inganci. Shi kuwa ya ɗauka yabo ne. In an kira shi har hannu yake ɗagawa kamar mai gaida jama'a daga cikin mota.

A kamfanin inshorar da yake aiki, shi ne mataimakin shugaban sashe. Sashen in suka taru gaba ɗaya doguwar kujera guda ta ɗauke su, amma wannan bai hana shi cewa "ma'aikatana" ba. Kuma ga albishir: shugaban sashen zai yi ritaya, kujera za ta zauna babu kowa. Malam Inganci tuni ya fara gwada sabon sa hannu a bayan takardu.

Matarsa malamar firamare ce. Ta wuni tsaye gaban allo, ta dawo ta duƙa kan baho tana wankin gida, har bayanta ya fara kama ta. Likita ya ce ta rage duƙawa. Mijin kirki, ya buga ƙirji ya ce injin wanki zai saya mata. Ya daɗe yana tarin kuɗi, ita ma tana sa abin da ya samu. Ranar da kuɗi suka cika ya saka kwat ya tafi kanti, ta share wuri kusa da famfo tana jira.

Sai ga shi ya dawo da wani dogon kwali siriri a kafaɗa, wanda ko riga biyu ba zai ci ba.

Abin da ya faru shi ne, a satin ya ji Manajan kamfani yana gaya wa wani cewa yanzu manyan gidaje injin zuƙar ƙura marar jaka suke amfani da shi. Magana ce ta wucewa, a bakin ƙofa. Amma kunnen mai hazaƙa ba ya barin irin wannan ta faɗi ƙasa.

"Baban yara, wannan fa?" in ji matar.

"Maman yara, matsalarki ba ki bin ci gaban duniya," ya ce yana yanka kwalin a hankali kamar likitan tiyata. "Wanki kowa yana yi. Ƙura ce ke raba wayayye da wanda bai waye ba. Kuma ki lura, wannan ba irin mai jaka ba ne da ƙananan ma'aikata ke saye. Dubi mazubinsa, garai-garai kamar gilashi. Da idonki za ki ga abin da ya zuƙo. Ba ya ɓoye komai, kamar ni."

"To bayana fa?"

"Bayanki zai warke in kika fara shaƙar iska mai inganci."

Ta dube shi, ta dubi injin, ta koma ta ɗauki bahonta.

Washegari ya kafa dokoki. Ta farko, an hana shara a gidan, domin tsintsiya tayar da ƙura kawai take yi daga nan ta kai can. Ta biyu, babu mai taɓa injin sai shi, domin hannun da bai karanta littafin bayaninsa ba zai iya lalata shi. Shi kuwa mutum ne mai ayyuka, ba kullum yake samun sarari ba. In ya samu, sai ya naɗe hannun riga, ya buɗe ƙofar falo don maƙwabta su ji ƙarar, ya fara daga tsakiyar ɗaki. Kafin ya kai bakin kujeru batir ya mutu, sai a jona shi ya wuni yana caji. Haka tsakiyar falon ta zama kamar madubi, sauran gidan kuma aka bar wa Allah.

Marar jaka kuwa dole a zubar da abin da ya tara. Da ya gwada juyewa a kwandon shara, ƙurar ta taso ta cika masa hanci da gashin baki. Sai basirarsa ta ba shi mafita: ya riƙa miƙa hannu ta baranda yana sakewa iska ta tafi da ita. Iskar ba ta da nisan tafiya. A hawa na biyu take sauka, kan fararen kayan aikin wata ma'aikaciyar jinya da ke shanya a nan.

Ta hau sama riƙe da rigarta, ta buga ƙofa.

"Malam, dubi abin da ka yi mini. Da wannan zan shiga wurin marasa lafiya?"

Ya karɓi rigar, ya murza ƙurar tsakanin yatsu biyu, ya jinjina kai cike da gamsuwa.

"Sista, kin ga laushinta? Wannan ƙura ce da tsintsiyarki ba za ta taɓa kamawa ba. Ke da kike harkar lafiya ya kamata ki fi kowa murna."

Ta fizge rigarta ta sauka tana faɗar maganganun da ba a koyarwa a makarantar jinya. Shi kuma ya gaya wa matarsa cewa hassada ce.

Da ritayar shugaban ta matso, Malam Inganci ya ga lokaci ya yi da Manaja zai san irin mutumin da ke ƙarƙashinsa. Ya matsa, ya nace, ya tare shi a bakin mota, har dai Manaja ya gaji ya ce zai leƙo da iyalinsa ranar hutu. Suka zo da yamma, shi cikin fararen kaya, ita da jaka mai sheƙi. Matar gida ta kawo shayi da biskit, ta zauna a gefe tana dafe da ƙugu.

Ba a gama gaisawa ba mai gida ya shiga ciki ya fito rungume da injin.

"Yallaɓai, na san kai ma ka san kaya. Mu irinmu ba mu da yawa. Bari in nuna maka abin da ake kira aiki."

Da yake tsakiyar falo babu abin zuƙa, sai ya zura bakin injin ƙarƙashin doguwar kujerar da baƙin ke kai, inda rabonsa da ganin shara tun ranar da aka kafa doka. Injin ya yi gurnani, ya shaƙe, ya sake ja. Mazubin nan garai-garai ya fara cika a gaban kowa: dunƙulen gashi, guntun farce, busasshen ɓawon lemo, ƙullin zare, da matattun kyankyasai. Guda ɗaya bai mutu ba, yana ta zagaye a ciki yana neman hanya.

Malam Inganci ya ɗaga mazubin har saitin fuskar Manaja.

Matar Manaja ta ajiye biskit ɗin da ta gutsura. "Duk wannan daga nan ya fito?"

"Daga ƙarƙashinki, ranki ya daɗe," ya amsa da fara'a. "Kuma wannan ɓangare ɗaya ne kawai. Yanzu ku dubi sauƙin zubarwa. Wannan jan maɓallin, in ba a cire makulli ba, ko danna shi ka yi ba abin da zai faru."

Ya danna. Ashe babu wani makulli. Gindin mazubin ya buɗe a kan tebur, fankar sama tana gudu. Shayi ya koma toka-toka. Fararen kayan Manaja suka canza launi tun daga wuya. Kyankyason da ya sami 'yanci ya nufi ƙafar wandonsa ya haye. Manaja ya miƙe yana tari yana buga ƙafa, matarsa ta yi ƙofa da takalmi ɗaya.

"Kada ka motsa, Yallaɓai, yanzu zan zuƙe ka!"

Ya ɗora masa bakin injin a ƙirji, ya kunna. Injin ya yi wani ɗan kuka kamar mage, ya yi shiru. Batir ya ƙare.

Manaja ya dubi abin da ke manne a ƙirjinsa, ya dubi mai riƙe da shi. "Cire," kawai ya ce. Ya bi bayan matarsa suka sauka.

Kujerar shugaban sashe wani aka ba, wanda Malam Inganci ya taɓa koya wa yadda ake riƙe biro. Matar Malam Inganci kuma daga ranar ta ware kayan wankinsa gefe, ta ce bayanta bai yarda ba. Yanzu da kansa yake wanke rigunansa, a banɗaki, ƙofa a kulle, yana kunna rediyo don kada a ji.

Amma babban mutum ba ya nadama. Ya sa kafinta ya yi wa injin ɗan dandamali a falo, kusa da talabijin, inda duk mai shigowa zai fara cin karo da shi. Ya daina kunna shi, wai don kada ya tsufa. In baƙo ya yi kuskuren tambaya ko ya cancanci kuɗinsa, sai ya gyara zama, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Ɗan'uwa, in kana da hali ka saya ido rufe. Na rantse maka, a gidan nan babu abin da ke tara ƙura kamarsa."

A nan kam bai yi ƙarya ba. Duk wanda ya shafa bayan injin da yatsa zai shaida.