Safar Torvald da Keji na Ƙarshe

"...lafiya ƙalau nake, kafin na buɗe ƙofa na gan ki."

"Ni ma na yi kewarka, Morfar. Ashe kana nan da ranka? Na ɗauka tuni an kai ka gidan tarihi an manna maka lamba."

"Sun zo ɗaukata, na ce su jira a haɗa da ke, a nuna wa yara yadda ilimi yake lalacewa a cikin zuri'a. Cire takalminki, nan gida ne ba tashar jirgi ba."

Ni ce a tsakiyarsu, ɗaya ya haife ni, ɗaya na haifa, kuma duk ranar da suka haɗu sai na yi da-na-sanin zuwa. Tsohon babana ne, Torvald. Yarinyar kuma 'yata ce, Majken, Morfar take kiransa, wato kakan wajen uwa a yarenmu, kuma tun tana rarrafe suke wannan faɗan. Asabar ce, ranar da nake zuwa garin Eslöv in share masa gida, kuma tun da na shigo raina a ɓace yake. Mutumin da ke cewa a cire takalmi shi kansa tsaye yake cikin takalmin roba na shiga ruwa, har gwiwa, a kan dardumar da marigayiya mahaifiyata Gunvor ta saƙa da hannunta. Gidan da ko limamin coci ya shigo da safa yake takawa! Na yi magana, ya ce ƙafarsa ke sanyi. Na miƙa masa silifas na ulu, ya ce in ji da sharata.

Baba ya fi shekara talatin yana kiwon sauro a wata cibiyar bincike, yana nazarin yadda suke shinshino mutum. Dangi ɗaya ya riƙe tun daga kakannin kakanninsu, kuma da jikinsa yake ciyar da su: ya naɗe riga, ya zura hannu ɗaya cikin keji, ya riƙe jarida da ɗayan. Bara aka yi masa liyafar ritaya, aka ba shi fure, aka karɓe katin buɗe ƙofa. Sabon shugaba, Pontus, ɗalibinsa ne na da, ya kafa doka cewa ba mai ƙara sa hannu a keji. Aka sayo na'ura mai ɗumama jini a ƙarƙashin wata siririyar fata. Sauron suka ce ba su san zancen ba. Kaɗan ke sha, macen da ba ta sha jini ba kuwa ba ta yin ƙwai. Kowane zubi sai raguwa, har ya zama keji ɗaya ya rage, kuma a kan kejin nan digirin Majken na uku ya rataya. In matan ciki suka mutu ba su yi ƙwai ba, dangin ya ƙare, aikinta na shekara huɗu ya bi su. Tun farkon mako ta kira ni tana kuka, ni kuma na kira shi na faɗa masa. Ya ce su mutu, ya kashe waya.

Na zuba musu kofi, na tura burodin kirfa tsakiya, na koma gefe da tsummana. Baba ya dubi Majken.

"Pontus ne ya aiko ki?"

"Ba wanda ya aiko ni."

"Shi ya aiko ki. Ya gano kansa fanko ne, yana so in koma in gyara masa ɓarnar da ya yi. Ki gaya masa ko da masu kiɗa ya zo ƙofar nan ba zai sami shawara ko ɗaya ba."

"Kwantar da hankalinka, tsoho, ba mai neman shawararka. Duk abin da ke cikin kanka yana cikin littafi, kuma rabi an gano kuskure ne."

"Rabi?"

"Na rage maka ne don Mama tana nan."

"Ji mini ja'irar yarinya! Wa ya koya miki bambanta namijin sauro da mace? Kina 'yar shekara shida kina cin majina, ni na ɗora ki a cinya na nuna miki gashin kansu."

"Kuma ka manta ni a ɗakin tsutsa ka tafi taro. Mai shara ce ta tsince ni."

"Da gangan na yi. Na so su cinye ki ne suka ƙi. To in ba kaina kike nema ba, me ya kawo ki?"

Majken ta ajiye kofi, ta dube shi ido cikin ido.

"Safarka."

"Me?"

"Safarka nake so. Wadda ka sa ba a wanke ba. In ɗaura a bakin na'urar su ji warinka, su ɗauka kai ne, su sauko su sha."

Baba ya waiwayo ya dube ni kamar ni na shirya masa wannan cin mutuncin.

"Kin ji abin da kika haifa? Littafi uku na rubuta. An tashi tsaye an tafa mini a ƙasa bakwai. Yau ga jikata ta hau jirgin ƙasa ta zo neman warin ƙafata!"

"A duk abin da ka bari, shi kaɗai ne aka kasa samun madadinsa."

"Ki ba su taki mana. Ai ke ma ba baya ba ce, tun daga ƙofa na ji ki."

"Na ba su, ko kallo ba su yi ba. Na bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya ina roƙon safa kamar mahaukaciya. Har cuku mai wari na gwada."

"Ta Pontus fa?"

Ta sunkuya tana juya cokali a kofi.

"Ina tambayarki, ta Pontus fa?"

"Suka tashi gaba ɗaya suka koma bangon baya, suka manne."

Baba ya daki tebur har kofi ya zube a kan abin da na gama gogewa.

"'Yan halak! 'Yan matana ke nan! Ni na rene su, sun san mutum sun san kwalbar turare. Su sha jinin mutumin da ke shafa wa tafin ƙafarsa mai? Gara yunwa!"

"To ka gama murnar ka ba ni in tafi, jirgina ba ya jira."

"Ba zan bayar ba."

"Morfar."

"Ko zare ɗaya. Sun ce na tsufa, to ƙafar ma ta tsufa, ta yi ritaya tare da ni. Suka cika mini ciki da kek, ina cikin ci wani yaro ya zo ya ce in ba shi katina. Na ce a bari in leƙa in yi sallama da keji, aka ce doka ba ta yarda ba. Yanzu dokar ta cire safarta ta ba su."

Ya faɗa yana murmushi, amma ni da na san shi na san nan ne ciwon yake. Shekara guda ke nan ko hanyar da ta bi ta gaban cibiyar ba ya yarda in bi da shi a mota. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma bai sake ni ba.

Majken ba ta ja da baya ba. Taurin kan nan gado ne, ni kaɗai ya tsallake.

"Shi ke nan, riƙe kayanka. Yau da yamma zan naɗe riga in sa hannuna a kejin, Pontus ya kore ni in ya ga dama."

"Hannunki? Jinin mai cin ganye? Ruwan kabeji ne a jijiyarki, gudawa za ki sa musu."

"Kashi ɗaya cikin huɗu na jinina naka ne."

"Kashin da ya lalace ne ya bi ta wajenki."

"To zan shiga banɗaki in kwashe na kwandon wanki, in ga wanda zai hana ni. Kai da ke hawa bene kana hutawa a tsakiya."

Na ce mata kada ta wahalar da kanta, na riga na juye kwandon da safe, riguna ne kawai, babu safa ko ɗaya.

"Na ƙona su," in ji Baba, yana gutsurar burodi. "Da na ji kina tafe."

Nan wasan ya tsaya mata. Ta miƙe, ta ɗauki jakarta, idonta ya kawo ruwa amma ta ƙi bari ya zubo.

"Ba na Pontus ba ne, Morfar. Naka ne. Kai ka ɗauko su, kai ka rene su, kuma kai za ka kashe su don ka ji daɗin cewa ba a iya yi sai da kai. Ni ma na gode, shekara huɗu ba komai ba ce."

Ta nufi ƙofa. Ni kuwa don in sami abin yi da hannuna kada in shaƙe ubana, na ɗauko abincin ranarsa na dire masa: kifin tsami da albasa, dankali, da ɗan ƙaramin kofin giyar da bai taɓa tsallakewa ranar Asabar ba tun ina yarinya. Ya tsince dankalin, ya ture sauran.

"Ɗauke wannan, ba na ci."

Na ce masa ya isa haka. Sabulun da na sayo masa makon jiya yana nan a takardarsa ko buɗewa bai yi ba, abokinsa Ebbe ya kira yana tambayar abin da ya hana shi zuwa wankan tururi ranar Alhamis, ga takalmi a kan dardumar uwata, yanzu kuma abinci ne ba ya ci. In ba shi da lafiya ya faɗa in kai shi asibiti.

Majken tana tsugune da takalmi ɗaya a ƙafa. Ta ɗago a hankali.

"Mama, me kika ce? Ba sabulu?"

"Kada ki kula ta," in ji Baba. "Uwarki surutu gare ta."

"Ba sabulu, ba albasa, ba giya, ba wanka." Ta tako ta dawo tana ɗingishi da takalmi ɗaya. "Ai wannan ka'idar mai ba da safa ce. Kai ka koya mini, ka ce duk wanda ya ci albasa ya ɓata gwaji. Morfar, tun yaushe kake cikin takalmin nan?"

"Ƙafata ke sanyi."

"A watan Yuni? Taga a buɗe, kana gumi kamar an tsamo ka daga tafki?"

"Sanyin tsufa ne, ba ki kai ba."

"Cire."

"Gidana ne, ba zan cire ba."

"Cire ko in kira Pontus in ce masa kuka kake kana son dawowa."

"Ke dai ba ki da mutunci, ban san wa kika gado ba." Ya juyo wajena. "Ke, ɗauko mini kwalba mai murfi, irin ta uwarki mai rufewa gam. Da abin juya nama. Kada ta taɓa da hannu, ta ɓata mini aiki da man shafawarta."

Ya zauna ya ja takalmin dama, sannan na hagu. Ba zan ɓoye ba, na haifi 'ya'ya na yi jinyar tsofaffi, ban taɓa jin abu irin wannan ba. Na ruga taga. Majken ta toshe hanci da gwiwar hannu, hawaye na zuba, dariya na cin ta.

"Morfar, wannan ai makami ne! In 'yan sanda suka tare ni a jirgi me zan ce?"

"Ki ce kimiyya ce. Ta hagun ta fi ƙarfi, da ita za ki fara." Ya ɗaga safar da abin juya nama, ya sa a kwalba, ya murɗa murfi sosai. "Ba don Pontus ba. Ba don ke ba ma, kada kanki ya kumbura. Don 'yan matana ne. Ki rage musu fitila tukuna, ki hura musu numfashi ta jikin raga sau biyu, kuma ki yi shiru, ba sa son surutu suna ci."

"Na sani."

"Ba ki san komai ba."

Sai ya zura hannu a aljihu ya zaro sabuwar safa, ya sa, ya mayar da ƙafafunsa cikin takalmin.

"Baba!" na ce.

"Warin ba ya daɗewa, mako ɗaya ya tashi. Ta dawo Asabar mai zuwa ta karɓi wata. Da kanta, ban yarda da gidan waya ba."

"Kowace Asabar? Har yaushe?"

"Har ki gama digirin, in kina da kan gamawa."

Rabon Majken da gidan nan tun Kirsimeti. Ta san na sani, shi ma ya sani: ganinta kawai yake so. Ta rungume kwalbar, ta toshe hanci, ta sunkuya ta sumbaci sanƙonsa.

"Ka ci wasan, tsoho mai wari."

"Kullum ni ke ci. Rufe mini ƙofa, kina shigo da ƙudaje."

Da yamma ina haɗa kayana wayarsa ta yi ƙara. Mutumin da ke hutawa a tsakiyar bene ya riga ni isa wajenta. Hoto ne Majken ta turo: safar a ɗaure, sauro sun rufe ta, cikunansu jajur sun yi tim. Ya daɗe yana kallo, ya matso da wayar har ta kusa taɓa hancinsa.

"Ba su ƙoshi kamar yadda suke ƙoshi a hannuna ba," ya ce, yana share ido da bayan hannu. "Me kike kallo? Warin ne ya shiga idona."

Na naɗe dardumar uwata, na ɗora ta a saman kabad, na bar masa katakon ya taka yadda yake so.