Walimar Saukar da Ban Yi Ba

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yi mini walimar sauka ba.

A unguwar Harra ta Yamma, can ƙasa mai tsarki, na tashi, a hannun kakata Hajiya Dije, wadda iyayenta suka zo aikin hajji daga Kano ba su koma ba. Tana yi mini Hausa ina mayar mata da Larabci, haka muka rayu. Da na shiga makarantar koyon tuƙin jirgin yaƙi, duk wayar da muka yi da addu'a ɗaya take rufewa: "Allah ya sauke ka lafiya, maigidana." (Kawu Sale, mai shagon taya a unguwar Sultana, yakan tsokane ta wai ta mayar da ni mai tsohon ciki.)

Lokacin ana yaƙi a iyakar kudu, ana neman matuƙa ido rufe, sauri kawai ake yi da mu. Tashi ba ya ba mu wuya, sauka ce ke cin mutane. Wata safiya abokin ɗakina ya sauko da ƙarfi, jirgin ya kife da shi. Aka wuce da shi asibiti, aka naɗe katifarsa. Daga nan ni kaɗai nake kwana, kuma babu wanda zan iya ce wa ina jin tsoro.

Ranar da abin ya zo kaina, saukar ta yi kyau, wallahi. Na daidaita, na rage gudu, ina jin ana ta ihu a rediyo, ni kuwa na ɗauka yabo ne. Ashe ban fito da tayoyi ba. Jirgin ya yi ta jan ciki a kan titi yana tartsatsi har ya tsaya don kansa. Ko ƙwarzane ban yi ba. Da aka gama bincike aka sallame ni.

Da na kira Hajiya a waya, kunya ta hana ni faɗa mata da Larabci, harshen da na iya. Gani nake in da Hausa ne ba zai yi zafi sosai ba.

"Hajiya, na yi sauka. Sun ce halas, an gama, in koma gida."

Sai ta rangaɗa guɗa. Na zaci murnar na tsira take yi. Ban san cewa in Bahaushe ya ce ya yi sauka, karatu ya kammala ba.

Bayan la'asar tasi ta shigo da ni layinmu. An shimfiɗa darduma tun daga bakin titi, an yanka rago, ga farantan shinkafa, ga ƙaton hotona da kaki a jikin bango. Kawu Sale ya rungume ni yana "Mabruk, ya kyaftin!", ya danƙa mini lasifika. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan tsayuwar ba, ko a ɗakin nan mai naɗaɗɗiyar katifa.

"Jama'a," na ce, "ban gama ba. Jirgin na kayar. Na manta da tayoyi."

Wani dattijo da ba ya ji sosai ya ce, "Me ya ce ya manta?"

"Taya!" in ji Kawu da ƙarfi. "Ɗan gidan masu taya ya manta da taya!"

Dariya ta ɓarke har ɓangaren mata. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta sa aka kira ni bayan labule.

"Korar ka suka yi?"

"Na'am."

"Ke nan ba za su kai ka yaƙin ba?"

Na girgiza kai. Ta kama fuskata da hannu biyu, ta daɗe tana kallona.

"To ni da me na roƙa? Wuce ka ci abinci, walima tana nan."

Yanzu a shagon Kawu nake, kuma a bakin ma'aikatansa 'yan Kano da Maraɗi na gyara Hausata, don na gane mugun labari ba a ba da shi da harshen da ba ka iya ba. Hajiya ta rasu bara. Duk jirgin da ya sauko ta saman Sultana sai na ajiye aiki na leƙa cikinsa in ga ko tayoyi sun fito. In sun fito, sai in yi masa addu'arta a hankali, tunda ni babu mai yi mini ita kuma.