Kifin Ofis Ya Sayi Ƙafafu

A duk gaɓar arewa ta tafkin Isik-Kul babu wanda ya san ruwa kamar Turdubek Mamirov. Wannan ba jita-jita ba ce, daga bakinsa aka ji. Ya yi shekaru yana shugabantar wani gidan hutu a garin Cholpon-Ata, tagar ofishinsa tana kallon tafkin, don haka babu igiyar ruwan da ta taɓa tashi ba da saninsa ba. Shiga ciki ne kawai aiki bai bar shi ya yi ba. Ma'aikatansa, saboda tsananin ƙauna, suka laƙaba masa Kifin Ofis.

Da ya yi ritaya sai ya lura ƙasa na shirin yin asararsa. Ya duba gabas da yamma, ya hango kujerar shugaban ƙungiyar masu iyo ta garin babu kowa a kai. Ƙaramar ƙungiya ce ta malaman makaranta da 'yan fansho masu faɗawa ruwan sanyi kowace safiya. Amma shugabanta ake zaunarwa a can ƙuryar girma in an yi walima, shi ake miƙa wa kan rago. Tun da Turdubek ya bar ofis ake zuba masa nama a tire ɗaya da sauran mutane, abin kuwa yana ci masa rai.

Sharaɗin ɗaya ne. Mai neman kujerar zai yi iyo tare da 'yan ƙungiya zuwa jar gangar da aka ɗaure can cikin tafki, ya dawo, sannan a ɗaga hannu. An yarda a sa takalmin iyo, irin na roba mai faɗi kamar ƙafar agwagwa. Da Turdubek ya ji haka sai hankalinsa ya kwanta. Ashe iyon ma saye ake yi.

Mutum ɗaya ce ta fito takara da shi, ita ma 'yar gida: Aizirek, ƙanwar matarsa, likitar haƙori, wadda al'ada ta ba izinin tsokanar mijin yayarta, wanda a can ake kira Jezde, yadda ta ga dama. Ta same shi yana shan shayi.

"Jezde, ka sayi gajeru masu laushi, daidai ƙafarka," in ji ta. "Dogayen nan na masu nutso ne. Yayata ba ta shirya takaba ba, ko labule ba ta gama sauyawa ba."

Turdubek ya ajiye kofi a hankali. "Yarinya, ke baki kika karanta. Ni na riƙe gaɓar nan tun kina rarrafe. Duk abin da za a sa a ƙafar babban mutum, babba ake nema. Ki je ki tambayi tarihi."

Ya tafi Bishkek, babban birnin ƙasar, da kansa, don ba a aike a irin wannan lamari. A kasuwa ya zaɓi takalmin kamar yadda kakanninsa ke zaɓen doki. Ya daki gefensa, ya lanƙwasa, ya duba ƙasansa, ya ja baya ya ƙare masa kallo. Duk wanda ya lanƙwasu cikin sauƙi ya ce rago ne. Ya tsaya a kan wasu baƙaƙe, masu tauri kamar katako, waɗanda in an tsayar da su suna kai masa cinya. Da aka zo awon ƙafa sai ya tuna koyarwar mahaifinsa: ba a sayen takalmi sai da wurin safar ulu. Ya ƙara lamba biyu. Mai shagon, wanda takalman suka daɗe suna tare masa hanya, ya rantse bai taɓa ganin gwani irin wannan ba.

A kwanakin da suka rage Kifin Ofis ya yi atisaye sosai. Yakan kwanta a gado rub-da-ciki yana kaɗa ƙafafu, ya fito ya yi wa maƙwabta bayanin numfashi.

Ranar zaɓe ya iso bakin tafki da safar ulu mai kauri da matarsa ta saƙa, da farar hularsa ta kalpak a ka, doguwa, sabuwa. Ya zauna aka ɗaura masa takalman, ya miƙe ya yi jawabi. Ya yi magana a kan dusar ƙanƙarar da ke kan duwatsu, da jarumtar kakanni, da lalacewar matasan yanzu. 'Yan ƙungiya na tsaye cikin ɗan kamfai suna rawar sanyi.

Da aka hura usur sai kowa ya juya wa ruwa baya, ya shiga da baya-baya, kamar yadda duk mai takalmin iyo ke yi. Aizirek ta ɗaga murya: "Jezde, juya."

"A rayuwata ban taɓa ja da baya ba," in ji Turdubek, yana kallon jama'a. "Shugaba gaba yake dosa. Ku lura da kyau, wannan darasi ne."

Darasin bai yi tsawo ba. Ya ɗaga ƙafar dama, bakin takalmin ya kafe a yashi. Ya kawo ta hagu, ta take ta dama. Jikin ya ci gaba da tafiya ba tare da ƙafafun ba. Da wani ne da ya tare ƙasa da hannu. Amma babu ɗa namiji a ƙasar nan da zai bari kalpak ya taɓa ƙasa a gaban mutane. Hannuwan biyu suka tafi sama suka cafke hula, fuskar ta isa ruwa ita kaɗai. Ruwan a wurin bai wuce idon sawu ba.

Aka tashe shi zaune yana tari, hular a sama, ko ɗigo bai taɓa ta ba. Safar ta sha ruwa ta yi nauyi kamar ɗan rago. Takalmin hagu, da ya ga sarari, ya zame ya bi iskar da ke saukowa daga duwatsu.

Turdubek ya bayyana wa masu kallo cewa an sauya yashin wurin tun bayan barinsa ofis, kuma zai bincika.

Can sai ga masu iyo suna dawowa, Aizirek a gaba tana tura baƙin takalmin da hannu ɗaya. Ta fito tana tsiyayar ruwa.

"Jama'a, a gindin ganga na same shi, ya riga mu duka. Ya je ya dawo, ya cika sharaɗi. Ni dai ina ganin a sa shi a takara."

Babu wanda ya ƙi. Aka jingina takalmin da kujera, aka ɗaga hannu. Aizirek ta ci zaɓe. Takalmin ya zo na biyu.